Ashirin da Biyar Ko Biyar da Ashirin?

Ranar da na fara zana layi a ƙasa a tsakar gidan Baffana a Gadarif, a gabashin Sudan, tsohon yana kishingiɗe kan angareb, gadon nan na igiya, ƙarƙashin rumfar da muke kira rakuba, carbi a hannu. Na sa tsinke na ja gidaje goma a jere, na rubuta lamba a cikin kowanne, na tara yaran gidan su bakwai, namu da muka zo da su daga Madani da waɗanda muka tarar. Ko ƙa'idar wasan ban gama faɗi ba ya ɗago kai.

"Ustaz," in ji shi, kuma duk ranar da ya ce mini Ustaz maimakon ɗan nan, na san da magana. "Shekarun nan da gwamnati ta yi tana ba ka albashi, ashe gala-gala kake koya wa 'ya'yan mutane?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Baffa, lissafi ne."

Ya ce, "Lissafi da ƙafa ɗaya a sama? To, Allah ya kyauta." Ya koma ga carbinsa.

Ban tanka ba, don ba a ja-in-ja da babba a gaban jikoki. Amma mutumin nan da yake ganin wasa ɓata lokaci ne, kullum in an sallame la'asar yana gindin darbejiya tare da tsofaffin unguwa a kan dara, yana hango taku uku na abokin wasansa tun mai takun bai hango su ba. Bai taɓa shiga aji ba, khalwa, wato makarantar allo, kaɗai ya yi a Mai Wurno. Amma ce masa gona faddan kaza ta riɗi, buhu kaza, ladan masu yanka kaza, kafin ka lalubo wayarka ya ba ka amsa. Na yi imani wani kaso na wannan kaifin kai a gurbin dara aka wasa shi. Hausa ma ta ajiye kalmomin biyu kusa da juna, wasan yara da wasa wuƙa, a takarda ba ka bambanta su.

Ra'ayina shi ne yaro ɗan shekara huɗu zuwa takwas ya fi kama lissafi ta hanyar wasa fiye da ta hanyar rera jadawali da tsoron bulala. Sai dai ba na cikin masu cewa kowane wasa magani ne, kuma galibin abin da ake loda wa yara a waya da sunan wasan ilimi ba na ba shi ko sisi. Wasan da nake nufi shi ne wanda lissafin ne ƙashin bayansa, akwai babba a kusa yana tambaya, kuma a ƙarshe abin da aka yi da hannu a faɗe shi da baki, a rubuta shi.

Na san lokacin da nake wannan magana. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe makarantun ƙasar nan, kafin shekarar ta ƙare UNICEF tana maganar yara miliyan 19 da ba sa zuwa aji. A Disamba Madani ta faɗi, muka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka muka yo gabas. Makarantun Gadarif da Kasala suka koma masauki, azuzuwa cike da katifu da tukwane. Wasu 'yan'uwanmu ma tun rikicin 2022 a Damazin da Rusairis suke jan yara daga wannan gari zuwa wancan. Yaron da ya kamata ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka fara harbi, ya kai bakwai ko takwas bai riƙe alli ba. Yanzu da makarantu ke buɗewa nan da can, kowa sauri yake yi, a gama littafi, a cike giɓi, a haye aji. Ka ambaci wasa a irin wannan yanayi sai a dube ka kamar wanda ya je gidan makoki da kalangu.

To amma saurin ne yake ba ni tsoro. Na yi shekaru a ƙananan azuzuwa, na ga inda yaro yake karyewa a lissafi, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne: ya haye aji uku bai gane mece ce goma ba. Ya iya faɗinta, ya iya rubuta ta, amma bai san cewa ɗayan da ke cikin 14 ba ɗaya ba ne. Da wannan gurguwar ƙafa zai je rabawa, ya je kason lamba, har ranar da zai zauna ya ce shi ba a halicce shi da kan lissafi ba.

'Yar ƙanwata ce ta nuna mini yadda abin yake ga yaranmu musamman. Shekararta bakwai a lokacin. Ƙirga kam ta iya, har ɗari, da Hausa da Larabci, kamar ana zuba ruwa. Na ce ta rubuta mini ashirin da biyar a ƙasa. Ta rubuta 52. Na miƙa mata wayata na ce ta buga khamsa wa ishrin. Ta danna biyar, ta danna biyu. 52 kuma.

Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, tsakanin harsuna biyu ta maƙale. A gida Hausa tana sa gomomi a gaba, ashirin sannan biyar. Larabci yana sa ɗai-ɗai a gaba, biyar sannan ashirin. An koya mata rubutu daga dama, don haka da ta ji Hausa sai ta ajiye biyun a dama. Waya kuwa daga hagu take jera lamba, don haka da ta ji Larabci sai biyar ta shige gaba. Hanya biyu, duk suka kai ta rami ɗaya. In ɗari ta shigo abin ya ƙara cakuɗewa: miyya wa khamsa wa ishrin, ka fara a hagu, ka tsallaka dama, ka dawo tsakiya. Ga kuma surar lambobin kansu. Biyar ɗin littafin makaranta zagaye ce kamar sifirin waya. Sifirin littafi ɗigo ne da ƙuda zai iya yi. Shidan littafi ta yi kama da bakwai ɗin waya, bakwai da takwas kuwa gwafa ce guda, ɗaya baki sama ɗaya baki ƙasa. Takardar kuɗin da ke aljihunmu ma tana ɗauke da iri biyun.

Malamin da aka haifa cikin Larabci sau da yawa ba ya ganin wannan tuntuɓe. Ba mugunta ba ce, shi bai taɓa yin sa ba ne. Jan alƙalami kawai zai ja, yaron Bahaushe ya koma gida da tambarin rashin ganewa, haka ma ɗan Hadandawa ko ɗan Bani Amir da ya zo aji da harshen gidansu.

Ban yi mata bayani ba, don na riga na san bayani ba ya shiga a wannan shekarar. Kanti muka buɗe. Kayan sayarwa ƙwallon aduwa, 'ya'yan tsamiya da murafun kwalba. Kuɗi kuwa tsinken tsintsiya, wanda uwar gidan ba ta yafe mini ba har yau. Doka ɗaya na kafa: tsinke ba ya wuce tara a warwatse, da ya cika goma sai a ɗaure shi da zare ya zama ƙulli. Gaban mai kanti kwano biyu, na hagu na ƙulli, na dama na warwatse. Mai saye ya yi ciniki da Hausa, mai kanti ya maimaita kuɗin da Larabci, akawu ya duba kwanonin ya rubuta a ƙasa, kowace lamba ƙarƙashin kwanonta.

Kwana na uku ita ce mai kanti. Ta sa wa wata tsohuwar fitila kuɗi hamsin da biyu. Ɗan gidan, wanda ya girme ta da shekara, ya ajiye ƙulli biyu da tsinke biyar ya ɗauki fitila zai wuce. Ta cafke rigarsa. "Ƙulli biyar na ce, ba biyu ba! Cuta ta za ka yi?" Yarinyar da 25 da 52 duk ɗaya ne a wurinta ranar Asabar, ga ta ranar Litinin tana neman yin dambe a kan bambancinsu. A nan ƙarfin wasa yake. A littafi in ka yi kuskure sai gobe ka ga jan alƙalami, kuma ba ka rasa komai ba sai fara'ar malam. A kanti kuskure yana cin ka nan take, yaro kuwa zai yarda da komai ban da a cuce shi.

Bayan nan aka zo inda na fi jira. Za ta biya ashirin da biyar, ƙulli uku ne a hannunta, ba warwatse ko ɗaya. Ta juya su, ta dube ni. Na kau da kai. Can ta ce, "Kawu, sai dai in kwance ɗaya." Ta kwance, ta ƙirga biyar ta bayar, biyar suka rage mata. Wannan shi ne aron da muke shafe makonni muna koyarwa a allo, muna soke lamba muna ɗora ƙaramin ɗaya a gefe, yara suna kwafa ba su san daga ina aka aro ba, ba su san wa za a biya ba.

Kuma kada mu riƙa ganin harshenmu kamar shi ne cikas. Goma sha ɗaya, goma sha biyu, kalmar da kanta tana gaya wa yaro abin da ke cikin lambar. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin duk daga Larabci muka aro su tun da daɗewa, don haka rabin aikin an riga an yi masa. Kakar da ke cewa talatin ba biyu maimakon ashirin da takwas tana koya wa jikanta ɗebewa ba tare da ta sani ba. Abin da ya rage a bar yaro ya yi tunaninsa da harshen da yake mafarki da shi, sannan a ɗauke shi a hankali zuwa na littafi.

Layin da Baffa ya kira gala-gala ma ba ni na ƙago shi ba. A 2008 wasu masana biyu a Amurka, Robert Siegler da Geetha Ramani, sun gwada wani wasa mai sauƙi da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar daga gidajen marasa ƙarfi. Gidaje goma a jere, 1 zuwa 10, yaro ya matsa gida ɗaya ko biyu. Zama huɗu kacal suka yi cikin mako biyu, kowanne kamar minti 15 zuwa 20. Yaran suka fi gane wace lamba ta fi wace, da inda kowace take zaune tsakanin ɗaya da goma, kuma da aka sake gwada su bayan mako tara abin bai gushe ba. Waɗanda suka yi wasan iri ɗaya amma gidajen launi ne ba lamba ba, ba su samu wannan ci gaban ba. Akwai wata 'yar ƙa'ida a ciki da ta fi komai muhimmanci a wurina. Yaron da ke kan 3 ya samu taku biyu ba zai ce ɗaya, biyu ba, zai ce huɗu, biyar. Daga inda yake tsaye zai ci gaba da ƙirga. Gwada shi da ɗanka ka ga yadda zai yi ta komawa ɗaya. Ranar da ya daina komawa, ya fara tarawa ke nan. A ƙasa kuma abin ya fi armashi, don ƙafarsa ce take gaya masa takwas ta fi uku nisa.

Yanzu bari in kawo abin da ke rage wa maganata ƙarfi, don in na ɓoye shi wani zai tono. A Delhi ta Indiya an yi wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2017, cikin masu aikin har da Esther Duflo da ta samu kyautar Nobel a 2019. Yara kimanin 1,500 a makarantun share fage 214 suka yi wata huɗu suna wasannin kimanta yawa da siffofi, wane tari ya fi yawa, wace sura ce bare a cikin 'yan'uwanta. Yaran sun ƙware, kuma ƙwarewar ta zauna har bayan shekara. Amma da suka shiga firamare aka gwada su a lissafin aji, na lambobi da alamomi, ba su fi sauran yara ba. Kaifin ya samu, bai haye zuwa takarda ba.

Wannan bai ba ni mamaki ba, don ina ganinsa kullum a tashar mota. Yarinya mai tallan gyaɗa da tasali, soyayyun 'ya'yan kankana ko kabewa, za ta sayar wa mutum huɗu a lokaci ɗaya, ta ba kowa canjinsa daidai, mota tana tafiya. Rubuta mata wannan lissafin a takarda sai ta tsaya tana cizon biro. Baffa ma, da duk gwanintarsa, in ɗan kasuwa ya ba shi rasiɗi ko saƙon kuɗi ya shigo wayarsa, jika yake kira. Dara tana wasa ƙwaƙwalwa, ba ta koyar da karatun lamba. Shi ya sa a kantinmu kujerar akawu ta fi ta mai kanti daraja a idona, ko da yake yaran ba sa son ta. In aka tashi wasa ba a rubuta komai ba, ba a tambayi yaro yaya aka yi ya sani ba, to an yi nishaɗi, kuma nishaɗi ba laifi ba ne ga yaran da suka kwana suna jin ƙarar bindiga, amma kada a ce an yi darasi.

Akwai ma wata makarantar da take rufewa a hankali ba wanda ya lura. Da, aiken yaro kanti darasi ne: ga kuɗi, sayo sukari da ganyen shayi, ka dawo da canji, in ya gaza ka yi bayani. Yau tsabar kuɗi ta yi wuya, ƙananan kuɗi sun mutu saboda tsada, ciniki ya koma Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Yaro ya karɓo kaya, uba ya tura kuɗi daga inda yake zaune. An huta da neman canji, amma yaron ya daina ƙirga komai.

Sai waya, wadda ta fi damuna. In aka ce wasan koyon lissafi, nan hankalin iyayen yau yake tafiya. Uwa ta gaji, ga girki ga layin ruwa, ta miƙa wa yaro waya ta lallashi zuciyarta da cewa ai na ilimi ne. Ban ga laifinta ba. Amma na zauna na duba irin waɗannan wasanni a wayoyin 'yan'uwa, galibinsu uwarsu ɗaya. Tambaya ta fito, 3 da 4 nawa, amsa uku suna yawo cikin balan-balan. Yaro ya fasa ɗaya, in ya dace a yi masa tafi da taurari, in ya kuskure ya fasa na kusa. Cikin kwana biyu ya gano ba sai ya ƙirga ba, danne-danne ma yana kai shi. Lissafin kuɗin ƙofa ne kawai da ake biya a shiga tseren mota. Ni ma'aunina ɗaya ne: zare lissafin daga cikin wasan ka gani. In wasan ya ci gaba da daɗinsa, to da ma ba lissafi yake koyarwa ba. Zare shi daga kantin tsinke, ba abin da zai rage sai shara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana zaune gaban allon waya ko talabijin, kuma in an rage ya fi.

Ba ina cewa na'ura ba ta iya koyarwa ba ne, don a ƙasar nan aka nuna tana iyawa. Sama da shekara goma da suka wuce ƙungiyar War Child ta ƙasar Holan, da Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman, da ma'aikatar ilimi, suka haɗa wasan lissafi a kan ƙaramar kwamfutar hannu domin yaran ƙauyukan da ba makaranta. An gwada shi da yara kusan 600 a ƙauyuka 19 na jihohi uku, Farin Nilu, Kordofan ta Arewa, da Gadarif ɗin nan tamu. Yara sun koya, har daga baya aka kai shirin Uganda, Lebanon, Jodan da Chadi da sunan Can't Wait to Learn. Amma dubi yadda aka gina shi. Manhajar makarantun Sudan ya bi, mataki bayan mataki. Bukkoki da awaki da kasuwar da ke ciki daga zanen yaran kansu aka ɗauko. Yara ne 'yan'uwansu suke yin bayani a bidiyo. Hasken rana ke cajin na'urorin, lokacin wasa ƙayyadadde ne, kamar minti 45 a rana, kuma akwai babba daga ƙauyen yana tsaye a kansu. Tsakanin wannan da balan-balan akwai tafiyar kwana da kwanaki. Kuma ko shi, da Larabci yake magana, tuntuɓen 'yar ƙanwata yana nan yana jiran wanda zai zauna da ita.

Wani ƙorafin da ya fi na Baffa nauyi daga wani malamin unguwa ya zo, da ya ji muna jefa ɗan ludo mai ɗigo-ɗigo don sanin taku nawa za a yi. Ya tuna mini hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai wasa da nardu, wanda aka kamanta da mai tsoma hannu cikin naman alade da jininsa. Ban yi gardama ba, hukunci na malamai ne, kuma ɗan ludon ba shi ne lissafin ba. Muka yayyanka kwali, muka rubuta 1 da 2 da 3, muka zuba cikin hula, kowa ya zura hannu. Sai ma ya fi, don yanzu dole yaro ya karanta lambar.

Abin da na so malamin ya gani shi ne khalwa cike take da lissafi, ba a dai kiransa da sunan. Izu sittin, kowane izu sumuni takwas, 480 ke nan. Almajiri yana faɗin rubu'i da nusufi da sumuni shekaru kafin littafin boko ya kawo masa kason lamba. Ninke masa kisra, siririyar gurasar nan tamu, biyu, ka sake ninkewa, ka sake, ka tambaye shi ina sumunin, sai ka ga fuskarsa ta washe. Zakkar dawar damina buhu ɗaya ce cikin goma, wadda aka sha wahalar ban-ruwa ɗaya cikin ashirin. Ba wa yara tsakuwa arba'in su fitar da kowace. Manyan yaran kuwa hatimi na ba su, gidaje tara, lamba 1 zuwa 9, kowane jeri a tsaye, a kwance da a karkace ya ba da 15. Kwana biyu suna faɗa kafin ɗaya ya gano dole biyar ta zauna a tsakiya. Sannan na gaya musu cewa wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan hatimai, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Shi ma gabas ya yo, kamar kakanninmu.

Malaman aji za su ce na yi magana da bakin mai yara bakwai a tsakar gida, su kuwa saba'in ne ko tamanin a gabansu, ga watanni ba albashi. Gaskiya ne, na tsaya a wannan ajin. Wasa cikin yara tamanin yana iya komawa kasuwar dabbobi cikin minti biyu. Yana kuma da nasa zaluncin: mai saurin kai kullum shi ke ci, mai nawa kullum a cinye shi har ya janye gefe, maza su ƙwace tsinke su bar mata da kallo. Sai malami ya haɗa su bibbiyu, ya riƙa juya kujeru, ya zaɓi wasan da sa'a take da rabo a ciki don na baya ma ya ɗanɗana ci. Aiki ne, ya fi rubuta tambaya ashirin a allo wahala. Amma kuɗi ba ya ci, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ta kafa Bakht ar-Ruda kusa da Duwem tun 1934 don horar da malaman firamare su koyar da abin da ke kewaye da yaro. Malamina na aji ɗaya da gwangwanin murafun kwalba yake shigowa. Daga baya ne muka mayar da lissafi waƙar da ake rerawa da bulala a hannu.

Hadda kuwa ba abokiyar gabata ba ce, mu da muka tashi a kan allo ba za mu raina ta ba. Jadawalin ninkawa dole a haddace shi, yaron da ke ƙirga bakwai sau takwas da yatsu a aji biyar an cuce shi. Tsari kawai nake jayayya a kai. A bar shi ya fara zama gaban dara ya ga jeri biyar na gurbi shida-shida, ya tashi ya koma ɗaya gefen ya ga jeri shida na gurbi biyar-biyar, talatin ɗin ba ta canja ba. Bayan nan ya haddace, haddar ta samu wurin zama. Da ni ake shawara a shirye-shiryen cike giɓin nan, makonnin farko na aji ɗaya zuwa uku da tsinke da layi a ƙasa za su tafi, a kuma nemo uwa ko yayar da ke jin harshen yaran ta zauna a ajin, ko da littafin bai ƙare a shekarar ba.

Watanni bayan buɗe kantinmu, wata rana da hantsi na fito na tarar Baffa ya tona gurabun dararsa a tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, ya zaunar da yarinyar a gabansa.

"Amarya, gurbi talatin ne. Ni sha biyu, ke sha biyu. In mun gama shuka nawa za su rage ba kowa?"

Ta motsa leɓe, ta ce, "Shida, tsoho. Kuma ni ba na auren mai furfura."

"Rubuta mu gani, uwar tsiwa."

Ta rubuta shidan littafi. Ɗan gidan, wanda waya ta rena, ya leƙo ya ce wannan ai bakwai ce. Gardama ta kaure. Baffa ya san ta littafi tun khalwa, ya goyi bayan amaryarsa, yaron ya rantse har da kawo waya.

"Ɗan nan," ya kira ni, "zo ka raba mu. Wacce ce shidan?"

Na ce, "Duka biyun ne, Baffa."

Ya daɗe yana duban wayar, ya dubi ƙasa. Sai ya share gefen gurabun da tafin hannu, ya miƙa wa yarinyar yatsansa.

"To kama, zana mini ta wayar. Kuɗin riɗina da irinta suke zuwa."